Mai Shiga Tsakani Ba Shi da Dangi

Salala, farkon damina

Zuwa ga Yaya Hilal ɗan Nasir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Suraiya da yara. Yaya zafin Maskat? Mu nan hazo ya sauko kan duwatsu, yayyafi ba ya tsayawa, wanki ba ya bushewa. Ƙafar Inna Tuful, mahaifiyar Musallam, ta sake kumbura. 'Yarmu Azza tana nan tana aikinta na jinya a asibiti. Ni kuwa lafiyar jiki kawai gare ni.

Na yi ta kiran ka, wayarka a kashe. Suraiya ta ce an kai ku wani gida aiki an karɓe muku wayoyi, sai dai a ba direban ofis takarda. To ga takarda.

An kama mijina Musallam. Ka san tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar maƙwabta bai daina ƙetare iyaka ba, tunda rabin danginsa suna can. Wannan karon ƙanwar Inna ce ta aiko cewa maganinta ya ƙare. Na ce masa, "Baban Azza, ka ba masu manyan motoci su kai mata mana." Ya ce, "Matar da ta goye ni zan aika wa magani a hannun baƙo? Gobe war haka ina gida, ki ajiye mini kifina."

A shingen mutanen tudu, ɗaya daga ɓangarori biyun da ke yaƙin, aka sauke shi. Direban da ke bayansa ya ga sun ɗaure masa ido da rawaninsa sun tura shi bayan mota. Wai ɗan leƙen asiri ne. Musallam, da ba ya iya ɓoye ko abin da ya ci da rana. Ka kuma san ciwon sukarinsa, allurar kwana kaɗan ya tafi da ita.

Na zaga duk ofisoshin da ake zagawa. Sun ba ni kujera, sun ba ni gahawa, sun ce in yi haƙuri.

Ba ka taɓa gaya mini aikinka ba, amma ni ba yarinya ba ce. Kowa ya san jiragen da ke sauka da marasa lafiyar da ke tafiya da ƙafarsu, da masu gadi a bayansu, alhali manyan masu yaƙi ne da ake kawowa sulhu a ɓoye, kuma na san irinku ke tarbarsu. Ni 'yar kawunka ce, tsakar gida ɗaya muka tashi a wurin Kaka a Nizwa, kwano ɗaya muka ci. Tun da na yi aure ban taɓa roƙon ka komai ba. Yau na roƙa.

Ni ce ƙanwarka,
Zuwaina

*

Maskat

Zuwa ga ƙanwata Zuwaina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai dai ban sake jin daɗin abinci ba tun da na karanta ta. Ki gaishe da Inna Tuful, Allah ya ba ta sauƙi. Ki ce wa Azza ta kula da ke. Ni lafiya, ban da bayana da ke ciwo saboda zirga-zirga.

Abin da zan rubuta, ki karanta ki ƙona.

Kin canka daidai. Muna wani gida a bayan gari, mutanen tudu a wannan kusurwa, abokan gabarsu mutanen gaɓar teku a waccan, baranda doguwa a tsakani. Ba sa cin abinci tare, ba sa bin liman ɗaya, ko tagogin da ke kallon juna sun sa an rufe. Aikina tafiya ce a barandar nan. In ji magana a wannan ɗaki, in cire mata ƙaya, in kai wancan. In dawo da amsa, in cire mata tata ƙayar.

Ana neman buɗe hanya ɗaya tak, ta wani gari da aka yi wa ƙawanya a can, don abinci ya shiga, masu rauni su fito. Makon jiya gaba ɗaya kan kalma ɗaya ya ƙare. Na gaɓa suka ce a rubuta mutanen tudu za su janye daga hanya. Na tudu suka ce, "Janyewa? Kakanninmu ba su san kalmar nan ba." Na ce, "To in aka ce za ku sauya wurin zama fa?" Shugabansu, wani dattijo da ake kira Abu Ganim, ya shafa gemu ya ce, "Makiyayi ma yana sauya wuri. Wannan ba abin kunya ba ne." Na koma wancan ɗaki aka ce, "Su kira shi rawa ma in sun so, su dai tashi." Haka muke, taku ɗaya gaba, rabi baya.

Zuwaina, mu ƙaramar ƙasa ce. Ba mu da rundunar da za mu tsorata kowa da ita. Abin da ya sa suke zuwa gidanmu ba sa zuwa na manya shi ne kowannensu ya yarda ba mu cikin aljihun ɗan'uwansa, kuma abin da aka faɗa a nan ba ya fita. Ran da ɗayansu ya yi shakka, jirginsa zai nema.

Game da Musallam, na ji daga bakin wanda ya sani cewa yana raye. Maganarsa ta wuce hannuna, ta hau sama. Ina sa rai kafin hazo ya ɗaga daga duwatsunku za a buɗe hanya. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Ki dage da addu'a.

Yayanki,
Hilal

*

Salala, tsakiyar damina

Yaya Hilal,

Gaisuwa da godiya, godiyar da takarda ba za ta ɗauka ba. Muna lafiya. Inna Tuful da ta yi kwanaki ba ta taka ƙasa ba, yau da kanta ta fito tsakar gida.

Na karanta mata wurin da ka ce maganarsa ta hau sama kuma za a buɗe hanya. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Ɗan halak. Dama na ce jinin gidanku ba ya tsinkewa." Ta aika ƙauye a ware mata bijimi a garken ƙaninta, na ranar da zai dawo. Ni kuma na wanke jallabiyoyinsa duka, na turara su da lubban, ko da yake da wannan yayyafi sai a ɗaki na shanya.

Azza ce kawai ta so ta ɓata mana. Ta karɓi takardar ta duba ta ce, "Umma, Kawu fa bai ce Baba zai dawo ba. Cewa ya yi za a buɗe hanya." Na ce, "Hanyar wa, in ba ta ubanki ba? Ke kin fi ni sanin Hilal ne? Tun yana yaro in zai ce miki ga tuwo sai ya ce akwai alamar an ɗora tukunya." Na ƙona takardar kamar yadda ka ce.

Abu ɗaya, in da hali a kai masa allura kafin ranar. Ba ya faɗa in jikinsa ya motsa, sai dai ka ga yana yawan shan ruwa yana ba'a.

Ga alewa da kwakwa na ba direba, na Suraiya ne da yara. Kai ba za ka ci ba sai ka kawo mini mijina.

Ƙanwarka,
Zuwaina

*

Salala, bayan damina

Hilal,

Ina fatan kana lafiya. Dole in yi fata, tunda takarda biyu na aiko ba amsa. Suraiya ta ce kana nan, ana kawo kayanka wanki ana mayarwa. Inna ta koma kwanciya.

Hazo ya ɗaga. Ciyawar duwatsu ta fara ja, baƙin damina duk sun koma garuruwansu. Kullum Inna sai ta tambaye ni, "Yau me ɗan'uwanki ya ce?" Na gaji da ƙirƙiro mata amsa.

Shekaranjiya wani mai fataucin raƙuma, Mabkut, ya yi sallama a ƙofar gida. Ɗaki ɗaya aka tsare su da Musallam, shi dattawan kabilarsa suka je suka karɓo shi. Ya rame har rigarsa kamar ta aro. Ya ce Musallam ya ji ciwo a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, yana wari. Ya ce idonsa ya fara hazo, in an miƙo masa kwano sai ya laluba. Amma wai har yanzu shi ke ba su dariya a ɗakin.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza sandarsa. Na ce, "Malam Mabkut, akwai saura." Ya ce, "Akwai, amma ban san ko alheri ne in faɗa ba." Na ce ya faɗa.

Ya ce wata rana babban mai gadin ya shigo ya ce, "Wane ne surukin Hilal na Maskat?" Musallam ya ɗaga hannu. Mutumin ya ce, "To ka ji. Mun ba shi kai kyauta, ya ce ba ya so." Mabkut ya ce Musallam dariya ya yi, ya ce, "Ka nemi wata ƙaryar, wannan ba ta zauna ba. Ba ka san Hilal ba."

Ni ma abin da na gaya wa Mabkut ke nan. Na ce makirci ne irin na masu yaƙi, don su karya masa zuciya. Na faɗa da ƙarfi har Azza ta fito. Amma tun da ya tafi nake juya kalmominka a kaina, tunda takardar na ƙona. Ta wuce hannuna. Me ke nan? Wucewa ta yi, ko ture ta ka yi?

Kada ka cire wa amsar ƙaya. Ka aiko mini da ita yadda take.

Zuwaina

*

Maskat

Zuwa ga Zuwaina,

Assalamu alaikum. Takardunki duka sun iso. Ina lafiya. Allah ya ba Inna sauƙi, ya ba Musallam lafiya a inda yake.

Mabkut bai yi ƙarya ba.

Kwana kaɗan bayan takardarki ta farko, na shiga ɗakin mutanen tudu da safe. Abu Ganim ya sallami mutanensa, ya karɓi butar gahawa ya zuba mini da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Malam Hilal, ashe muna da baƙonka ba mu sani ba. Mijin 'yar kawunka. Abin kunya ne a gare mu."

Na ce, "Yana lafiya?"

Ya ce, "Yana raye. Gobe in ka so a kai shi iyaka, ya ci abincin rana a gidansa. Tsakanina da kai ne, ba sai an rubuta ba."

Na ce, "Me ake so a madadinsa?"

Ya yi dariya ya ce, "Subhanallahi. Ku mutanen birni, kyauta ma sai kun tambayi dalilinta? Ba komai. Sai dai in ka je wancan ɗaki, ka riƙa tuna su wa suka san mutunci."

Zuwaina, na riƙe kofin ban kai shi baki ba. Na ga fuskarki, na ga Inna. Kalma ɗaya ce tsakanina da shi. Amma na san dattijon nan. Kafin la'asar labarin zai kai wancan ɗaki, kuma shi da kansa zai sa a kai. Shugaban mutanen gaɓa 'ya'yansa biyu aka kashe a yaƙin nan, dalili kawai yake nema ya tashi. In ya ji mai kai maganarsa ya karɓi kyauta daga abokin gabarsa, ba ni kaɗai zai daina yarda da ni ba, gidan ne gaba ɗaya. A garin nan da aka rufe ana yi wa mutane aiki ba maganin kashe zafi, yara suna cin ganyen da awaki ba sa ci. Kuma ba wani gidan da su biyun za su yarda su shiga.

Na ajiye kofin na ce, "Na gode, Baba. Amma a gidan nan ba ni da dangi. A sa shi cikin sauran waɗanda ke hannunku, ranar da za a sake su a sake shi."

Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Allah ya raba mu da irin zuciyarku."

Na fita na gaya wa maigidanmu na wurin aiki komai, na roƙe shi ya cire ni daga aikin, in koma ɗan'uwa kawai, in roƙi abin da nake so kamar kowa. Ya ce, "Maganar surukinka na cire ka, zan ba wani ya bi ta. Baranda kuwa ba zan cire ka ba. In na canza fuska yanzu, kowane ɗaki zai tambayi dalili." Abin da nake nufi ke nan da ta wuce hannuna. An sa sakin tsararru a mataki na biyu, bayan hanya. An nemi masu agaji su kai magani ga duk waɗanda ke tsare, har da allurarsa. An ce an kai. Ban ga da idona ba.

Hanyar da na ce, ta garin nake nufi, don na san sai an buɗe ta za a zo kansa. Na zaci wata ɗaya zai isa. Da takardarki ta murna ta zo na gane yadda kika karanta, na zauna zan gyara, na tuna Inna ta taka ƙasa, na kasa. Alewar tana nan wurin Suraiya.

Ba na neman ki ce na yi daidai. Kin ce in aiko da ita yadda take.

Hilal

*

Maskat, farkon sanyi

Zuwaina,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kafin takardar nan ta iso an riga an zo an gaya muku. Allah ya jiƙan Musallam, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba ki haƙuri, ke da Azza da Inna.

Ban sami amsar takardata ba, ban kuma yi tsammani ba. Amma ya kamata ki san yadda labarin ya zo mini.

Ranar Talata suka sa hannu, kowa a ɗakinsa. Ni na ɗauki takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ba hoto, ba musafaha. Za ki ji sanarwa daga manyan birane da sunayen manyan mutane, ba za ki ji namu ba, haka aka shirya. Motocin abinci sun fara shiga garin.

Ina raka mutanen tudu wurin mota sai Abu Ganim ya riƙe hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Baƙonka Allah ya yi masa cikawa, tun ranar Juma'a. Ƙafar ce ta ci shi. Na hana a gaya maka sai an gama, kada hannunka ya karkace." Ya ce, "Na ba ka shi yana tafiya da ƙafarsa, Malam Hilal." Ya shiga mota.

Na roƙi abu ɗaya, wannan karon a rubuce kuma da sanin kowane ɗaki, cewa a dawo da shi gida. Sun yarda. Motar farko da za ta fito da masu rauni za ta biya da shi iyaka.

An ba ni izinin kwana biyu kafin a fara zama na biyu. In kin yarda in zo, ki gaya wa Suraiya.

Hilal

*

Salala

Zuwa ga Hilal ɗan Nasir,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Na shiga takaba. Inna ba ta magana sosai, in an ba ta abinci ta karɓa, in ba a ba ta ba ba ta tambaya. Azza ta koma aiki.

An kawo shi. Mazan gidansu suka je iyaka suka karɓo, aka yi masa sutura a ƙauyensu kusa da mahaifinsa. Ba su bar ni na ga ƙafar ba. Fuskar na gani. Ya yi furfura a gemu, wadda bai tafi da ita ba.

Ban gaya wa Suraiya ka zo ba, ka gani. Mutane sun yi ta tambaya ina ɗan'uwanki na Maskat, na ce aiki ya riƙe ka. Inna ba ta san abin da ka rubuto mini ba, ba kuma za ta sani daga bakina ba. Har yanzu in an ambace ka tana cewa ka yi iya ƙoƙarinka. Ka bar ta a haka.

Masu raunin da aka fito da su, wasu asibitin su Azza aka kawo. Ta dawo rannan tana ba ni labarin wata mata da aka yanke wa 'yarta hannu, amma yarinyar za ta rayu. Wai matar ba ta daina addu'a ba, tana cewa duk wanda ya buɗe hanyar nan Allah ya buɗe masa ƙofar Aljanna. Azza ta ce, "Umma, na so in ce mata kawuna ne. Sai kuma na so in ce mata ubana ne. Na rasa wanda zan faɗa, na gyara mata ruwan da ake ƙara wa yarinyar na fito." Na ce kada ta sake kawo mini labarin asibiti.

Na yi ta auna maganarka. Wani lokaci in ga da ni ce a barandar nan abin da zan yi ke nan. Wani lokaci in ga ko garin duniya ne gaba ɗaya, da na ce a kawo mini shi gobe. Ban tsine maka ba. Ban kuma yafe ba tukuna, kada in yi maka ƙarya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya tafi yana cewa ba su san ka ba.

Ka ce za ku koma zama na biyu. Ke nan za ka sake shiga ɗakin dattijon nan, ka gaishe shi, ka tambayi lafiyar iyalinsa. To ga saƙona, ka kai masa, tunda kai saƙo ne aikinka. Ka tambaye shi ko akwai wani kusa da Musallam lokacin da rai zai fita. Ko an ba shi ruwa. Ko an laƙƙana masa kalmar shahada, ko shi kaɗai ya yi ta a cikin duhun idonsa. In akwai wanda ya riƙe masa kai, ina son sunansa, in riƙa sa shi a addu'a.

Wannan ba zai rufe hanyar kowa ba. In kuma shi ma kyauta ce da ba za ka iya karɓa ba, kada ka wahalar da direba da amsa, zan gane.

Zuwaina, matar Musallam